Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Sarakunan Jihar Bauchi: A Ƙirga Kusheyin Mutanen Da Kafin Katafila Ta Share Su

Masu Martaba, iyayen ƙasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da nasara, ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga iyayensa, na rubuto ne a kan wasu mutanen ƙasarku da ba su da ikon zuwa fada su faɗi gaisuwa, balle su kai kuka. Ina nufin waɗanda suka zauna ƙasar nan tun kafin a fara rubuta tarihinta, aka binne su a ƙarƙashin tudun ƙasa da tsibin duwatsu, a bakin kufai, a gindin tsaunuka, wasu ma a tsakiyar gonakin da muke nomawa yau. Roƙona guda ne. Ku ba da umarni, ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, a ƙirga waɗannan wurare a rubuta su, a kuma hana haƙa su ko kwashe su sai da sanin fada da na hukumar da doka ta ɗora wa wannan nauyi.

Na san akwai ma'aikatar jiha mai kula da al'adu da yawon buɗe ido, akwai kuma hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda dokar 1979 ta kafa. Ban raina ɗayansu ba. Sai dai jami'in da ke zaune a ofis a Bauchi ko Abuja ba shi da hanyar sanin cewa a bayan wani ƙauye a ƙasar Ningi ko Toro ko Alkaleri akwai wani tudu da manoma ke kewaye shi da garma, ba sa hawansa. Mai unguwa ya sani. Ya san gonar wa ce, ya san abin da kakarsa ta ce game da wurin, ya san daren da wasu baƙi suka zo da diga da tocila suka koma kafin asuba. Daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa gabanku, babu wani tsari a ƙasar nan da yake kai wa kowane lungu kamar wannan. Da shi aka yi ƙidayar jangali, da shi aka shawo kan iyaye a lokacin rigakafin shan-inna. Shi ya sa na ga cewa a nan ya kamata maganar ta fara.

Allah ya taimake ku, kun fi ni sanin cewa Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi ne a farkon ƙarni na 19, wato shekaru 200 da 'yan kai ke nan. Amma ƙasar ta daɗe da mutane tun kafin nan da nisa. Zanen da ke jikin duwatsun Geji da na Shira da na Shadawanka hannun mutum ne ya yi shi. A wani kogon dutse kusa da Kariya, wani mai bincike daga Jami'ar Ibadan, Philip Allsworth-Jones, ya yi haƙa a farkon shekarun 1980, ya fito da ƙananan kayan aikin da aka fere daga dutse, na mutanen da ke farauta da sara da yanka da dutse. A Yankari, inda muke kai baƙi kallon giwaye da wankan Wikki, akwai ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira kogwannin Marshall, akwai rijiyoyi fiye da 130 masu haɗe da juna ta ƙasa, akwai kuma matoyar tama da har yanzu wasunsu suna tsaye. A ƙasar Kirfi, Dakta Abubakar Sule Sani na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincike a kan tsoffin mazaunai, da na kan dutse da na kwari, ya nuna cewa yankin kogin Gongola ya daɗe da maƙera da marina da masu ginin tukwane. To, wanda ya yi zanen nan, da wanda ya sassaƙa ɗakin nan, da wadda ta gina tukunyar nan, duk sun mutu, kuma 'yan'uwansu sun binne su a wani wuri. Muna alfahari da aikin hannunsu, muna buga hotonsa a kalanda, amma makwancinsu ba mu tambayi inda yake ba.

Wuraren tarihin da gwamnatin tarayya ta ayyana a hukumance sun daɗe a kan 65 a duk faɗin Nijeriya. Bauchi tana da rabonta a ciki: Gidan Madaki na Kafin Madaki, zanen duwatsun da na ambata, tsibin duwatsun Panshanu a kan hanyar Jos, da kabarin marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Waɗannan suna da takarda, ko da kulawar ba ta kai yadda ake so ba. Abin da ba shi da takarda kuwa, a idon mai kwangila ƙasa ce kawai, a idon mai fasa dutse kuma dutse ne da aka riga aka tara masa.

Ba kowane tudu ne kushewa ba, wannan gaskiya ne. Wani suri ne. Wani juji ne na garin da ya tashi, inda aka yi ta gini a kan rusau shekara bayan shekara har wuri ya yi tozo, irin tudun Daima na Borno wanda Graham Connah ya haƙa a 1965 da 1966 ya tarar da zaman mutane hawa-hawa na sama da shekara dubu. Wani tarin kashin maƙera ne, wani katsin marina ne. Mai unguwa ba sai ya bambance su ba. Nasa shi ne ya ce ga wuri nan, ga abin da ruwa ke wankowa daga jikinsa, tsingaro ne ko ƙashi ko gawayi ko duwatsun wuya. Bambancewa aikin masu ilimin abin ne, kuma duk waɗannan ire-iren sun cancanci a san da su.

Bari in ɗan tsaya a kan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani a Jihar Katsina, domin ita ce misalin da ya fi kusa da mu, a ƙasar Hausa, a cikin Musulmi. Wasu tuddai ne a fili, waɗanda mutanen wurin suka gada cewa makwancin sarakunan farko ne. A 1907 Bature H. R. Palmer ya haƙa wasu daga ciki. A 1992 aka sake haƙa wasu, a wani aikin haɗin gwiwa tsakanin masu bincike daga Jamus da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, daga baya aka kai kayan birnin Mainz aka tsabtace su aka auna shekarunsu, sannan aka dawo da su gida. Abin da aka samu tare da mamatan ya haɗa da 'yan kunnen zinare, mundayen tagulla da na hauren giwa, duwatsun wuya na tsakiya da na gilashi, wuri, ragowar tufafi, da tasoshin ƙarfe waɗanda aikinsu ya nuna daga ƙasashen Musulmi na gabas suka fito. Awon ya kai su tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wuri daga teku yake fitowa, ba ya tsira a Katsina. Tasar da aka ƙera a can gabas ba ta iso Mani da ƙafarta ba. Wato tun shekaru 600 ko 700 da suka wuce, akwai masu mulki a ƙasar Hausa da fataucinsu ya ƙetare Sahara, kuma hujjar tana nan ana iya taɓa ta da hannu. A da, in an faɗi irin wannan magana sai a ce labarin maroƙa ne. Da ɓarayi ne suka riga isa wurin, da zinaren ya narke a hannun maƙerin farfaru, tasar tana ɗakin wani attajiri a Turai, Katsina kuma ba ta da abin nunawa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, darajar irin wannan wuri ba a kayan take ba kaɗai, a yadda kayan suke kwance take. Mai bincike yana kankare ƙasa ne kaɗan-kaɗan, yana rubuta abin da ke sama da abin da ke ƙasa, domin na ƙasa ya riga na sama. Ɗan guntun gawayi ko ƙashi da aka ɗauko daga inda yake tun asali, ana iya auna shi a gano kimanin shekarunsa, saboda akwai wani sinadari a jikin duk mai rai da yake raguwa a kan ƙa'ida sananniya bayan mutuwa. Haƙori yana nuna irin abincin da mutum ya ci, har ma da ko a wurin ya girma ko baƙo ne. Ƙwayar hatsin da ta ƙone a gindin tukunya tana nuna ko gero suke nomawa ko dawa. Yadda aka kwantar da mamaci, da inda fuskarsa ke kallo, yana iya nuna lokacin da Musulunci ya fara shiga wata ƙasa, abin da ya kamata ya dami kowane malami a cikinmu. Mai haƙar dare kuwa rami ɗaya yake zurawa ta tsakiya, ya watsar da ƙashi gefe, ya fasa tukunya don ya ga ko da wani abu a ciki. Ko bai samu komai ba, ya riga ya hautsina abin da ba mai iya mayar da shi.

Ba tsoro nake ƙirƙirowa ba. Mun ga abin da ya faru da ƙasar Nok a shekarun 1990, inda aka yi ta haƙa dare da rana ana fitar da mutum-mutumin yumɓu zuwa kasuwannin waje. Haka aka yi wa Kwatarkwashi a Zamfara. A Jamhuriyar Nijar, maƙabartar Bura da aka gano a 1975, aka yi mata haƙar ilimi a 1983, da labarinta ya bazu sai masu kwasa suka far wa yankin. Har ta kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina da na Bura a jerin abubuwan da ta gargaɗi duniya kada a saya. A duk waɗannan wurare, ɗan ƙauyen da ya yi gumi a rami shi ya samu mafi ƙanƙanta, dillali ya ci riba, gari ya tashi da ramuka.

Amma a ganina, a Bauchi ɓarawon kayan tarihi ba shi ne babban abin tsoro ba. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne mutumin da bai san yana ɓarna ba. Direban katafila da aka ce ya share fili. Mai tifa da ke neman jar ƙasa a kusa don ya rage man da zai ƙona, ga tudu kuwa ya fi sauƙin ɗiba. Masu buga bulo. Mai fasa dutse da ya tarar da duwatsu a tare. Tarakta, wadda ba ta san kewaye ba kamar yadda garmar shanu ta sani. Masu awon filaye a gefen garuruwan da ke faɗaɗa kullum. Sai masu haƙar ma'adinai da suka cika dazukan Toro da Ningi da Alkaleri, waɗanda wasunsu yanzu suna yawo da na'urar da ke ƙara in ta ji ƙarfe a ƙasa, na'urar kuwa ba ta bambance zinaren da ke cikin dutse da munduwar da ke hannun mamaci. Na taɓa tsayawa a bakin wani rami da ake ɗiban ƙasar cikon hanya, na ga bakin wata babbar tukunya a jikin gaɓar ramin, an yanke rabinta, ga ƙasusuwa fari fat sun zubo. Na yi wa yaran da ke lodi magana, ɗayansu ya ce, “Malam, ai kullum muna ganin irinsu, na mutanen da ne.” Ba da mugunta ya faɗa ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai wanda ya kamata a sanar. Ƙasar nan da ƙasusuwan cikinta aka shimfiɗa a hanya, motoci suna bi ta kai. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Akwai kuma masu zuwa da boka, wanda zai ce musu akwai tukunyar zinare a ƙarƙashin tudu kaza, aljanu ne ke gadinta, a kawo baƙin bunsuru. Wannan ɓata ne a addini, asara ce a dukiya, ga haɗarin rami ya rufta da mutum. Kalma ɗaya daga bakin sarki, liman ya maimaita ta ranar Juma'a, za ta rage shi ƙwarai.

Ranku ya daɗe, na san tambayar da za a yi a zaure da zarar an karanta wannan takarda, kuma tambaya ce mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Za a ce, mu Musulmi me ya haɗa mu da kaburburan mutanen jahiliyya? Za a kawo hadisin da Sayyidina Ali ya ruwaito, na umarnin daidaita kabarin da aka ɗaukaka. Za a ce ana so a buɗe ƙofar tsafi. Ni ba malami ba ne, hukunci na malamanku ne, kuma ina roƙon ku zaunar da su a kan maganar. Amma ga abin da nake nema a duba. Ba na neman a yi gini a kan kowane tudu, ko a yi masa ado, ko a kai masa ziyarar neman tabarraki, ko a zuba masa jini. Duk wanda ya yi haka a hana shi. Abin da nake nema shi ne a bar mamaci inda yake, kada a tone shi don kwaɗayi, kada a kwashe shi a tifa. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Isra'i lalle ya girmama 'yan Adam, bai ware wani zamani ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Kuma a wurare da dama Alƙur'ani ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. In mun share duk abin da suka bari, me jikokinmu za su duba?

Ƙasashen Musulmi sun riga mu fuskantar wannan tambaya. Bahrain tana da tuddan kaburbura na mutanen tsohuwar daular Dilmun, waɗanda aka yi kimanin shekaru 4,000 da suka wuce. Gine-gine da hanyoyi sun cinye da yawa kafin a farga, amma abin da ya rage, sama da tuddai 11,000 a wurare 21, hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 2019. Saudiyya ta shigar da Hijr, wato Mada'in Salih, mai kaburburan da aka sassaƙa a dutse, a 2008, kuma shi ne wurinta na farko a wannan jeri. Oman ta yi haka da kaburburan Bat tun 1988. A nan Afirka ta Yamma, Senegal da Gambiya, inda Musulmi suka fi rinjaye nesa ba kusa ba, sun kare da'irorin duwatsu da tuddan da ke tare da su, aka amince da su a 2006. Malaman da ma ba su ƙyamaci rubuta irin wannan ba. Al-Bakri, malamin Andalus, ya bayyana a 1068 yadda ake binne sarakunan tsohuwar daular Gana: a yi rumfar katako, a sa sarki da kayansa, jama'a su yi ta zuba ƙasa har wuri ya zama tudu. Bai yabi aƙidarsu ba, amma ya ga abin ya isa a adana labarinsa. Mu kuma a Nijeriya wurare biyu kacal muke da su a jerin na duniya, Sukur a Adamawa tun 1999 da kurmin Osun a Osogbo tun 2005.

Kada kuma a manta jihar nan ba ta Musulmi kaɗai ba ce, ba kuma ta ƙabila ɗaya ba ce. Jarawa, Zaar, Gerawa, Warjawa, Fa'awa, Bolawa, Zulawa, Fulani, Hausawa da sauransu, kowa yana da kufan da yake kira na kakanninsa, musamman a kan duwatsun da aka sauko daga kansu bayan an samu zaman lafiya. A nan akwai wani haɗari da ya kamata a toshe tun daga farko. Kada rajistar nan ta zama makamin “mu muka fara zuwa”. Mun san abin da gardamar asali ta jawo mana a wasu sassan jihar nan da maƙwabtanta, ba ma fatan a maimaita. A rubuta a sarari cewa shigar wuri cikin littafin ba hujjar mallakar ƙasa ba ce ga kowa, ba kuma za a karɓe shi a shari'ar iyaka ko ta sarauta ba. Galibin waɗanda ke kwance a wuraren nan ma sun riga sunayen ƙabilun da muke kiran kanmu da su yau.

Sai maganar manomi, wadda in ba a warware ta ba duk sauran aikin banza ne. Mutumin ƙauye yana ɓoye abin da garmarsa ta tono ne saboda tsoro biyu: kada gwamnati ta ƙwace gonar, kada kuma a kira shi ofishin 'yan sanda a yi ta yi masa tambayoyi. Tsoronsa yana da dalili. Saboda haka sanarwar da za ta fito daga fada ta fara da tabbatar masa cewa gonarsa tasa ce. Tudun kaɗai za a kewaye da 'yan turakun siminti, ya ci gaba da nomansa a gefe kamar yadda ubansa ya yi. In wurin ya ci masa ƙasa mai yawa, a biya shi diyya. In ya kawo rahoto, a kira shi fada a sa masa albarka a gaban jama'a, a ba shi takardar yabo, in da hali a naɗa shi mai gadin wurin da ɗan alawus. Ku tuna da kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe. Wani makiyayi ne yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da katako, bai fasa shi ya yi makamashi ba, maganar ta bi ta hannun shugabanni har ta kai ga masana. Da aka auna, sai ga shi ya haura shekaru 8,000, mafi tsufan jirgin ruwa da aka sani a Afirka. Mutum ɗaya ne ya yi abin da ya dace a rana ɗaya. Irin wannan mutum yana nan a kowace gunduma taku, in ya san ba zai cutu ba.

Littafin kansa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Sunan ƙauye, sunan da ake kiran wurin, mai gonar, abin da tsofaffi suka ce, abin da ake gani a sama, hoto, da lambobin wurin da kowace wayar zamani ke iya ɗauka. Ɗaliban tarihi da na labarin ƙasa daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Sa'adu Zungur da kwalejojin iliminmu za su iya raka wakilin hakimi su cike shi, masana daga Zariya da Jos, inda ake koyar da ilimin binciken kufai, su horar da su su kuma tantance. Sai dai a yi hattara: littafin da ya nuna daidai inda kowane tudu yake, in ya faɗa hannun da bai dace ba, ya zama jagorar ɓarawo. Cikakken bayanin ya tsaya a fada da hukumar gidajen tarihi. Abin da za a bai wa jama'a ya tsaya a kan adadi da gunduma. Kuma a gaggauta zuwa wurin tsofaffi, domin duk dattijon da aka kai makwanci yana tafiya da sunayen wuraren da ba wanda ya tambaye shi.

Ina so in jaddada cewa ba haƙa nake kira a yi ba. Haƙa, ko ta masana ce, ba a yin ta sau biyu a wuri ɗaya. Tudun da ba abin da ke barazana gare shi a bar shi, ƙasa ta fi kowane sito iya ajiya, kuma na'urorin da ke leƙa ƙarƙashin ƙasa ba tare da an tona ba suna ƙara inganci. Inda za a haƙa shi ne inda hanya ko madatsar ruwa ko zaizayar ƙasa za ta ci wurin ko ana so ko ba a so. A nan ma da izinin hukuma, da sanin fada, a gaban wakilan gari. A gama nazarin ƙasusuwa a mayar da su ƙasa cikin mutunci, kayan kuma su zauna a Bauchi inda 'ya'yanmu za su gan su, kada su tafi wata ƙasa su shekara ashirin.

Akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin fada, wanda sai kun kai shi gaban Mai Girma Gwamna da Majalisar Dokoki, kuma na san in ku kuka kai za a saurara. Dokar 1979 ta hana haƙar kayan tarihi ba da izini ba, amma tarar da ta yanka wa mai yin haka naira 500 ce, kuɗin da yau ba ya sayen mudun shinkafa. Gyaran wannan na Majalisar Tarayya ne. Amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka jiha tana da ikon cewa ba za a ba da takardar fili, ko izinin ɗiban ƙasa, a kan wurin da ke cikin littafin ba. Tana da ikon sa sharaɗi a kowace kwangilar hanya da gini cewa in katafila ta tono ƙashi ko tukwane, a tsaya, a sanar da dagaci, a ba masana 'yan kwanaki su duba, kuma kada a ci tarar ɗan kwangila saboda wannan jinkiri, don in zai yi asara ba zai taɓa faɗa ba. Dokar 1992 ta riga ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A nemi a riƙa sa mai ilimin kufai a cikin masu nazarin, ya taka ƙasar da ƙafarsa. Wannan ya fi gaggawa a yankin Kolmani, kan iyakarmu da Gombe, inda aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a watan Nuwamba na 2022. Muna maraba da arziki, Allah ya sa mu amfana. Amma hanyoyi da bututu da sansanonin ma'aikata za su ratsa ƙasar da ke maƙwabtaka da Yankari da Kirfi, wato daidai inda aka riga aka tabbatar mutanen da sun yi zama mai yawa. Kwarin Gongola bai san iyakar da aka shata a 1996, lokacin da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi, ba, saboda haka yana da kyau ku tuntuɓi 'yan'uwanku sarakunan Jihar Gombe a yi abin tare.

Ban kawo maganar kuɗin 'yan yawon buɗe ido a gaba ba da gangan, ko da yake jiharmu da shi take kirari. Mafi yawan waɗannan wurare ba za su taɓa kawo ko sisi ba, tudu ne a cikin gona, ba abin kallo. In muka ce sai mai kawo kuɗi za mu kare, to mun yanke wa sauran hukunci ke nan.

Allah ya ja zamaninku, lokacin aikin shi ne rani, bayan an kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta, ana ganin tudu daga nesa, manoma kuma suna gida. Shi ne kuma lokacin da tifofi da masu haƙa suka fi kai-komo. Ina roƙon ku sa wannan magana cikin abin da za ku tattauna a zamanku na gaba, kowace masarauta ta zaɓi gunduma ɗaya ta fara da ita a ranin bana, a ga abin da ya yi kyau da abin da ke buƙatar gyara kafin a faɗaɗa. Kafin littafin ya kammala kuma, a aika wa dagatai takarda, a yi shela a kasuwanni da masallatai da majami'u, cewa duk wanda ya tono ƙashin mutum ko tsohuwar tukunya a gona ko a ramin ƙasa, ya dakata, ya rufe, ya sanar da mai unguwa, kuma ba abin da zai same shi ko gonarsa.

Idan na yi kuskuren lafazi a gaban iyaye, ina neman afuwa. Allah ya ƙara muku imani da tsawon rai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku mai biyayya,
wani malamin makaranta daga ƙasar Bauchi